Awon Hanyar Gungun Altine

Yelwa, 12 ga Nuwamba, 1969

Zuwa ga taubashina Yohanna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da karatu da mutanen Zariya. Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin da ya kwantar da matata Rabi, ta kuwa tashi. Na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna da kai, kuma gaskiya ne. Amma kakata Kulu da kakanka Tamada ciki ɗaya suka fito, saboda haka dole ka amsa, ko kana so ko ba ka so.

Na ga mahaifiyarka, Inna Asibi, ran kasuwar Yelwa. Ta ɗan rame, yanar idon hagun kuma ta ƙaru, sai da na yi magana ta gane ni. Tun da ruwan dam ya ci tsohon Gungun Altine aka mai da su sabon gari a tudu wajen Ngaski, ba ta da hanyar zuwa nan sai motar kaya mai zagayowa ta daji wuni guda. Ta ce duk zuwa sai ta yi amai har ta rasa abin amayarwa. Ɗakin simintin da aka ba ta kuma ta ce tanda ne, a waje take kwana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na bar gyaran rediyo. Ofishin awon ruwa ya ɗauke ni aiki a jirgin da ke auna zurfin tafkin nan, don a fitar wa jiragen kasuwa hanyoyin da za su bi. Akwai inji a cikin jirgin, girman akwatin tufafi, yana da baki kamar kwano wanda aka ɗaure a gefen jirgi cikin ruwa. Bakin yana aika wata ƙara ƙasa, siririya ƙwarai har kunnen mutum ba ya jinta. In ta bugi ƙasa ta dawo, sai allura ta yi zane a takarda gwargwadon daɗewar da ta yi. Ni ke kula da injin. Wani dattijo Basarke, cikin masuntan kogin nan, Lawali, shi ke tuƙi.

To, injin nan ba ya tsayawa kan magana ɗaya. Wuri guda, da safe ya ce ƙafa arba'in, da la'asar ya ce talatin da takwas, mu jefa igiya da dalma ta ce arba'in da ɗaya. Baturen da ya kawo shi ya tafi hutu ƙasarsu, littafin da ya bari kuma na ruwan teku ne. Lawali ya ce aljanun tsoffin garuruwa ne ke wasa da mu. Ni ban ce masa a'a ba, don ba ni da abin da ya fi nasa.

An ce aikin lantarki kake koyo. In ba sunan kawai kuke ci ba, ka gaya mini abin da zan yi.

Naka,
Mamuda

Zariya, 6 ga Disamba, 1969

Zuwa ga Yaya Mamuda,

Na sami takardarka, na yi murna da jin kowa lafiya. Ka gai da Rabi, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya, sai sanyin Zariya, wanda ɗan bakin kogi bai saba da shi ba. Na ce maka Yaya ne don shekaru, ba don ilimi ba, kada kanka ya yi girma.

Na kai maganarka wurin malaminmu, muka zauna a kanta bayan an tashi. Injinka ba zurfi yake aunawa ba, lokaci yake aunawa, sannan ya mai da shi ƙafa bisa zaton cewa gudun ƙara a ruwa ba ya canzawa. Alhali yana canzawa. A ruwan ɗumi ta fi sauri, a ruwan gishiri ma haka. Na biyu, abin da ke juya allurar da batir yake aiki. In batir ya yi sanyi da la'asar, allura za ta rage gudu, sai ta nuna maka zurfin da bai kai na gaskiya ba. Ina jin wannan ne babban aljanin da ke damun ku. Na uku, ka auna nisan da bakin injin ya nutse ƙarƙashin fuskar ruwa, ka riƙa ƙara shi a kan abin da takarda ta nuna. Igiyarku ma kada ka yarda da ita sosai, ruwa na karkata ta, jiƙa kuma na miƙar da ita.

Ka sa maƙeri ya yanko maka faifan ƙarfe mai faɗi, a ɗaura masa sarƙa, a yi wa sarƙar alama kowace ƙafa goma. Kafin ku fara aiki ku saukar da shi daidai ƙarƙashin bakin injin. In faifan yana ƙafa ashirin, ka murɗa makunnin gudu har allura ta ce ashirin. Ku maimaita da rana, ku maimaita kafin ku tashi. Batir kuma ku riƙa tafiya da biyu.

Maganar Inna ta tsaya mini a rai. Ba ta faɗa mini a wasiƙa, don Malam Arzika mai wa'azin garin ne ke rubuta mata, ba ta son ya ji tana kuka da wani abu. Ka riƙa leƙa ta in ka sami hali.

In aiki ya kai ku kan tsohon garinmu, ka gaya mini abin da takarda ta nuna. Ban san dalilin da ya sa nake son sani ba. Ranar da aka kwashe su ina nan makaranta, ban ga komai ba.

Ƙaninka,
Yohanna

Yelwa, 15 ga Fabrairu, 1970

Taubashina Yohanna,

Ina gaishe ka, ina kuma yi mana barka da ƙarewar yaƙi. Mutum biyu daga unguwarmu sun dawo, ɗaya ba ƙafa. Gida lafiya. Inna Asibi ma lafiya, na aika mata da busasshen kifi ta hannun maƙwabciyarta Talatu, ta aiko mini da albasa.

Ashe dai ba sunan kawai kuke ci ba. Maƙerin bakin kasuwa ya yanko faifan daga gindin duro, muka yi yadda ka ce. Yanzu tsakanin injin da sarƙa bai kai taƙi ɗaya ba a zurfin ƙafa hamsin. Na kuma gano wani abu da kaina. In Lawali ya ƙara wuta, kumfa na shiga ƙarƙashin bakin injin, zanen ya yanke, shi ya sa na saukar da bakin ƙasa kaɗan, muka rage gudu. Bature ya dawo ya ga faifan, ya ce abin da ya kamata a yi ke nan tun farko, ya manta bai faɗa ba.

Mun bi ta kan garinku. Baƙin ruwa, ambaliyar da kogi ke kawowa da rani, ya cika tafkin taf, ƙafa sittin da wani abu a wurin. Ba don Lawali ya daidaita da dutsen nan na ƙetare ba, da ban san mun zo ba. Takarda ta nuna ƙasa shimfiɗe, da 'yan tudunni ƙanana a jere. Ina jin ɗakuna ne da rumbuna da suka narke. Na yi zaton zan ji wani abu, tunda a can aka haifi kakata, amma ban ji ba. Na rubuta lambar, muka wuce.

Akwai abin da ban gane ba. Wani lokaci tsakanin sama da ƙasa sai allura ta yi wasu 'yan zane-zane kamar gashi, su ɓace. Lawali ya ce garken warangi ne, ƙananan kifin nan da suka yi yawa tun da aka tare ruwa. Me ka gani?

Hanyar sabon Gungun Altine zuwa Yelwa dai mun gama ta. Daga nan an tura mu kudu, wajen bakin dam, za mu daɗe a can muna kwana a tunga. Ka ci gaba da rubuto mini ta Yelwa, Rabi za ta ajiye.

Naka,
Mamuda

Zariya, 22 ga Maris, 1970

Yaya Mamuda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, jarrabawa ce kawai ta matso. Na nuna wa malaminmu takardarka, ya ce maganar kumfar nan ka fi shi lura, don shi bai taɓa shiga jirgi ba.

Ban taɓa jin daɗin wata wasiƙa kamar wannan ba. Da na karanta cewa kun gama hanyar garinmu, a ranar na rubuta wa Inna na ce ta huta da motar kaya, ɗanta Mamuda ya auna mata hanya da hannunsa, ta riƙa shiga jirgin Dogo tana zaune har Yelwa. Na ce Malam Arzika ya sanar da sauran mutane ma. An gaya mini likitan ido zai zo Yelwa a watan Yuni. Na ce ta je ya duba ta, ni ma in na gama jarrabawa zan same ta a gidanka, mu koma tare.

Zanen gashin nan mai yiwuwa kifi ne, kamar yadda Lawali ya ce. Amma kifi ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ka koma wurin ka sake ganinsa, to abu ne a tsaye, kamar reshen itace. Ka gwada in ka sami sarari.

Abin da ka faɗa game da tsohon gari, na karanta shi, ni ma ban ji komai ba. Na ɗauka ni kaɗai ne.

Ƙaninka,
Yohanna

Yelwa, 3 ga Yuni, 1970

Yohanna,

Ina gaishe ka. Kowa lafiya. Sai shekaranjiya muka dawo daga kudu, na tarar da takardarka ta watan Maris a cikin kwanon Rabi.

Ba ka gane ni ba, ni ma ban rubuta yadda ya kamata ba. Da na ce mun gama hanyar, awon ƙasa nake nufi. Ba a sa alama ko ɗaya ba, ba a kuma sare komai ba. Lokacin da muka auna ruwa a cike yake. Yanzu ana ta sakinsa a dam, ya ja baya fiye da ƙafa ashirin, zai kuma ƙara ja har farin ruwa, wato ambaliyar damina, ya zo. Itatuwan da aka bari a tsaye suna nan ƙasa, kawunansu na matsowa sama. Injin kuma abin da ke daidai ƙarƙashinsa kawai yake gani, fili kamar tsakar ɗaki, alhali tsakanin layin da muka bi da na kusa da shi sai ka gina unguwa.

Jiya da asuba na ari keke na yanke ta hanyar ƙafa na je sabon Gungun Altine da kaina. Na tarar tun watan Afrilu Dogo yake jigilar mutane ta hanyar da muka auna kowace kasuwa. Na yi masa bayani. Ya ce a nan aka haife shi, ya san inda kowace kuka da kowace ɗorawa take. Na ce da gari da gonaki yake gane su, yanzu kuwa ruwa ne kawai. Ya ce zai riƙa sa mutum a gaba da gora.

Inna tana zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na ce ta koma shiga mota har a sa alama. Ta ce, "Sau ukku ni shiga jirgin wanga, ko kaina bai yi ciwo ba. Mota ce ka son kashe ni." Na sake yi mata bayani a hankali. Ta ce, "To, na jiya, ɗana." Ta ba ni gyaɗa na kawo wa Rabi.

Ina ganin ta yarda. Amma kai ma ka rubuta mata, maganarka ta fi tawa nauyi a wurinta.

Mamuda

Yelwa, 14 ga Yuni, 1970

Yohanna,

Ina gaishe ka. Sai haƙuri. Allah ya yi wa Inna Asibi rasuwa ran Talatar da ta wuce, a ruwa, a hanyar zuwa nan. Na so in buga maka waya, aka ce layin ya lalace tun hadarin makon jiya.

Zan gaya maka yadda Talatu ta gaya mini, don tana cikin jirgin. Sun taso da hantsi, jirgin cike da mutane da buhunan albasa. Inna ta sa zanenta na zuwa coci saboda likita. Talatu ta tuna mata da maganata, Inna ta ce wannan ne na ƙarshe, in ta dawo da kai sai ku shiga mota. Dogo ya sa mutum a gaba da gora kamar yadda ya ce. Da suka kai tsakiya iska ta taso kaɗan, ba wata babba ba, ta ture su gefe. Sai suka ji jirgin ya hau wani abu ya tsaya. Igiyar ruwa ta ɗaga shi ta sake, katakon ciki ya tsage. Talatu ta ce ba wanda ya yi ihu da farko, kowa na kallon ruwan da ke shigowa tsakanin buhuna. Masunta da ke kusa suka kwashe yawancinsu. Mutum biyar ne ba a samu ba, har da Inna. Ka san ta iya ruwa fiye da ni da kai, amma Talatu ta ce ba gaɓa ta nufa ba, ta nufi tsakiya, don ba ta ganin inda gaɓar take.

Da labari ya iso na roƙi Bature ya ba mu jirgin awo, ya bayar, ya biyo mu. Na saukar da faifan na daidaita injin kafin mu fara, don hannuna ya saba. Muka yi ta kai da komo a wurin har allura ta zana wani abu mai tsawo kwance a ƙasa, ƙafa talatin da ɗaya. Masu nutso suka sauka da igiya, suka tarar da jirgin a ƙafa talatin da ɗaya. Injin bai yi kuskure ko na taƙi ɗaya ba. Kusa da shi kuma ga zanen gashin nan, na koma kansa sau da yawa, yana nan bai motsa ba. Ɗorawa ce. Kanta bai fi kamu biyu ba daga fuskar ruwa.

Injin ba ya gane mutum. Sarkawa ne suka same ta washegari a cikin rassan wata bishiyar, can gaba. Ba ta canza ba sosai.

Ba yadda za a yi a jira ka. Malam Arzika ya yi mata addu'a irin taku, mu kuma muka tsaya daga baya. Wasu tsofaffi biyu sun je bakin ruwa sun yi nasu abin na gargajiya, ba wanda ya hana su. An binne ta a sabuwar maƙabarta, gabas da gari, ƙasar wurin tsakuwa ce, mun sha wuyar haƙa. Na sa dutse a kai don ka gane. Talatu ce ke riƙe da mabuɗin ɗakin da awakin Inna.

Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Rabi na yi maka ta'aziyya.

Mamuda

Yelwa, 20 ga Agusta, 1970

Yohanna,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya. Farin ruwa ya fara shigowa, itatuwan suna komawa ƙasa.

Ban ji daga gare ka ba. Na tambayi wani ɗan Yelwa da ya dawo daga Zariya, ya ce ya gan ka a kasuwa kana sayen kalanzir, lafiyarka lau. To, na gode Allah. In ba ka son ganin hannuna ne, na gane, ba sai ka amsa mini ba. Amma ka rubuta wa Malam Arzika, kullum sai ya tambaya. Talatu ma tana son ta san yadda za ta yi da awakin, ɗaya ta haihu.

Ina zuwa aiki. Ina saukar da faifan da safe da rana da yamma. Dogo ya bar garin, an ce yana Shanga wurin ɗan'uwansa yana noman shinkafa. Mutanen Gungun Altine sun koma shiga mota, sai dai na ji wani ya sayo sabon jirgi.

Mamuda

Zariya, 19 ga Satumba, 1970

Yaya Mamuda,

Ina gaishe ka da Rabi. Ina lafiya. Na gode da abin da ka yi, da dutsen da ka sa.

Takardunka biyu na watan Yuni rana ɗaya suka iso. Ta biyun na fara buɗewa, don ita ce a sama. Na karanta, na ninke ta, na buɗe ta farkon, inda kake cewa in rubuta mata. A safiyar ranar ina da jarrabawa, na je na yi, na kuma ci. Da aka ba da hutu na ɗaure kayana na je tasha, na zauna a benci har motar Kwantagora ta cika ta tashi, na dawo ɗaki. Ban san abin da zan je in yi ba. Ina cin abinci, ina barci. Mutane na zuwa yi mini gaisuwa, ina amsawa, ina jin muryata kamar ta wani.

Dalilin shiruna shi ne layi ɗaya a takardarka, inda ka ce injin bai yi kuskure ko na taƙi ɗaya ba. Na ɗauka kana gaya mini ne cewa kai da injinka kun fita, saura ni da na rubuta mata. Ban yi fushi ba, don na ga haka ne. Na dai kasa samun abin amsawa. Sai da takardarka ta Agusta ta zo na ga kai kuma kana zaton ni nake ganin laifinka. Na koma na karanta layin, na ga ba abin da kake nufi ke nan ba. Ina jin ka rubuta shi ne kawai don shi ne abin da ya faru.

Ban san ko laifin wa ne ba, Yaya. Na gwada ɗora shi a kaina, bai zauna ba, na ɗora a kanka, bai zauna ba.

Abin da na iya yi a watannin nan shi ne tunanin injin. Mun ɓata lokaci muna gyara yadda yake ganin ƙasa, alhali ba ƙasa ce ke fasa jirgi ba. Ka sa maƙeri ya yi wa bakin injin mariƙi mai lanƙwasa, yadda za ka iya karkata shi ya dubi gefe maimakon ƙasa. Lambar da zai ba ka ba zurfi ba ce, nisa ce daga jirgi zuwa abin da ƙarar ta buga. Ka gwada shi tukuna da faifan, ka rataye shi daga kwalekwale a nisan da ka sani. Kada ka karkata shi da yawa, in ba haka ba fuskar ruwa za ta riƙa dawo maka da ƙara. Gangar itace za ta fito sosai, ƙananan rassa ba lalle ba. Don haka bayan injin, ku ja waya tsakanin jirage biyu a zurfin da ruwa ke kaiwa in ya ja baya. Abin da injin ya tsallake, waya za ta kama.

Awakin, Talatu ta riƙe.

Yohanna

Yelwa, 28 ga Nuwamba, 1970

Yohanna,

Na sami takardarka, na gode. Kowa lafiya. Rabi na da ciki, sai wajen bazara in Allah ya kai mu.

Ban amsa da wuri ba don ina son in gwada tukuna. Mariƙin farko ya karye, na biyu ya yi. Da na karkata bakin, takarda ta cika da datti har na ce ba zai yiwu ba, sai da na rage ƙarfin ƙarar sannan itatuwan suka fito ɗaya-ɗaya, kowanne kamar baka. Yohanna, daji ne a ƙasa. Hanyar da muka auna a farkon shekara muka ce ƙasarta shimfiɗe take, gaskiya ne shimfiɗe take, amma bishiyoyi ne dama da hagu. Waya kuma ta kama wasu giginyu da injin bai nuna ba sam.

Bature ya rubuta wa manyansa. An ba mu duro da sarƙa na yin alama, ba su kai yadda muka nema ba, sai muka karkatar da hanyar ta bi tsohon kwarin kogi, inda ba itace, muka sa duro a inda ake juyawa. Ta ƙara tsawo. Masu jirgi suna gunaguni saboda mai, wasu suna bi, wasu suna yankewa ta inda suka ga dama. Ɗorawar nan na sa mata jan duro ita kaɗai, ko da yake ba a kan hanya take ba yanzu. Lawali bai tambaye ni dalili ba.

Talatu ta ce ɗakin yana nan a rufe yadda aka bar shi, ba wanda zai taɓa sai ka zo. Ka zo hutun Kirsimeti. Ka sauka a gidana, in kai ka da kaina.

Mamuda

Zariya, 17 ga Janairu, 1971

Yaya Mamuda,

Na iso lafiya. Ka gode mini wa Rabi da ɗawainiya, ka gai da Lawali.

Ka yi haƙuri da rashin maganata a jirgi. Na ga kana satar kallona lokacin da muka wuce jan duron, kana jiran wani abu. Ni ma jira nake. Na dubi ruwan, ruwa ne. A kabarin ma haka, Malam Arzika yana addu'a, ni ina lura da cewa takalmina ya ɓalle.

Da muka buɗe ɗakin kai kana waje. Ba wani abu mai yawa a ciki, tabarma, tukwane, zannuwa a kwalla. A bayan ƙofa Inna ta share wuri ta shimfiɗa sabuwar tabarma da ba a taɓa kwanciya a kanta ba, ta ɗora bargo a ninke. Talatu ta ce tun ranar da aka karanta mata cewa zan zo ta shirya shi, tana hana kowa zama a wurin. Na ce Talatu ta ba ni wuri. Na kwanta a kai da takalmina, ina kallon rufin. Abin da ya sa ka ga na daɗe ke nan. Ban yi kuka ba, barci ne ya ɗauke ni, irin wanda rabona da shi tun watan Yuni.

Na bar wa Talatu komai, na ce ta sa wanda ba shi da ɗaki a ciki.

Ka ce bayan Babbar Salla za a tura ku hanyar Shanga. Can ruwan ya fi gudu, zai riƙa karkata muku faifan, sai ku ƙara masa nauyi. Ka riƙa aiko mini da abin da kuka samu, ko da lambobi ne kawai. Ba ni da wani a can yanzu sai kai, ba ni kuma da abin da zan iya rubutawa sai wannan. Ka dai ci gaba da rubutowa, zan amsa.

Ƙaninka,
Yohanna